Bitar koci ko sababbin bindigogi: amsa ga 'yan wasan harbin fenti na karkarar Ringim

Wani matashi daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim ta Jihar Jigawa ya aiko da wannan tambaya game da wasan harbin fenti, wasan da ƙungiyoyi biyu ke harbin juna da ƙwayoyin fenti ta bindiga mai aiki da iska, duk wanda ƙwaya ta fashe a jikinsa ya fita: "Assalamu alaikum, Yaya. Mu tara ne, mun shekara biyu muna wasan harbin fenti a wani fili da kawuna ya ba mu aro a bayan gari. Biyu daga cikinmu ne suka koyo wasan a Abuja lokacin bautar ƙasa, suka koya wa sauran. Sau biyu muna zuwa gasa, kuma duka biyun tun a zagayen farko aka fitar da mu. Yanzu mun yi adashi mun tara kuɗi, sai kanmu ya rabu. Wasu na cewa a sayi sababbin bindigogi masu lantarki, wasu na cewa a ɗauko ƙwararren koci ya yi mana bitar kwana biyu. Shin kwana biyu za su iya canza wani abu?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ji daɗin tambayarka ƙwarai, domin matasa tara su riƙe wasa mai tsada irin wannan har shekara biyu a karkara, inda babu shagon kayansa kuma babu wanda ya taɓa ganinsa kafin su, abu ne da ke nuna da gaske kuke. Ra'ayina shi ne ku ɗauko kocin. Sai dai akwai sharuɗɗa, kuma idan ba za ku iya cika su ba, gara ku bar kuɗin a ajiye har zuwa lokacin da za ku iya.

Bari in fara da bindigogin, tunda su ne suka raba muku kai. A gasar da ake yi bisa ƙa'ida, ba a barin ƙwayar fenti ta fita daga bakin bindiga da gudun da ya wuce ƙafa 300 a daƙiƙa, wato kimanin mita 90, kuma ana auna kowace bindiga da na'ura kafin a shiga fili. A gasar NXL ta Amurka, wadda ita ce mafi girma a wannan wasa kuma take rufe shekararta da gasar kofin duniya a Kissimmee da ke jihar Florida, an ƙayyade yawan harbi ma, bai wuce ƙwaya 10.5 a daƙiƙa ba. Ma'anar wannan ita ce bindigar da ta fi kowace tsada a duniya ba ta da izinin harba ƙwaya ta fi ta matsakaiciyar bindiga gudu ko yawa. Abin da tsada ke sayo maka shi ne rashin nauyi, da ƙarancin ƙara, da tattalin iska, da taushin da ke hana ƙwaya fashewa a cikin bututu. Duk waɗannan suna da amfani, amma amfaninsu yana bayyana ne a hannun wanda ya riga ya iya tsayuwa da leƙe da gudu. Tun wasan farko da aka yi a watan Yuni na 1981 a dajin Henniker da ke jihar New Hampshire aka ga haka. Mutum goma sha biyu ne suka shiga da bindigar Nel-Spot, wadda asalinta ta yi wa itatuwa da shanu alamar fenti ce, kuma wanda ya yi nasara, wani ma'aikacin gandun daji mai suna Ritchie White, ya tattara tutocin da ake tseren tattarawa a dajin ba tare da ya yi harbi ko sau ɗaya ba. Sanin ƙasa da iya tafiya ne suka ba shi nasara. Wasan ya canza sosai daga wancan zamani, amma har yau ƙafa da ido da baki sun fi yatsa yanke hukunci a fili.

Akwai togiya guda a nan wadda ba zan tsallake ba. Idan a cikin bindigoginku akwai mai yoyon iska, ko mai farfasa ƙwaya a kowane harbi goma, ko kuma garkuwar fuskar wani tana yin hazo da zarar ya yi gumi ko gilashinta ya tsage, to gyaran waɗannan ya riga bita. Koci ba zai iya koyar da wanda ba ya gani ba, kuma gilashin da ya tsage haɗari ne ga ido, wanda ba shi da madadi.

Abin da kuke saya idan kun biya koci shi ne idon da ya san daidai, wanda zai tsaya a bayanku ya ga abin da ku ba za ku taɓa gani a jikinku ba. Ni na koyi wannan wasa ne lokacin da nake karatu a Malesiya, ƙasar da wasan ya yi ƙarfi har aka riƙa shirya babbar gasar nahiyar Asiya a tsibirin Langkawi. Na yi shekaru ina wasa ana yawan samu na a gwiwar hannun dama, ina ɗora laifin a kan rashin sa'a da kuma ƙanƙantar mafaka. Ranar da na fara halartar bita, kocin bai yi minti biyar a bayana ba ya sa aka ɗauke ni bidiyo da waya, ya nuna mini cewa duk sa'ad da zan leƙa, gwiwar hannuna ce ke fara fita kafin bakin bindiga, kamar ina daga wa abokin hamayya tuta in ce ga ni nan tafe. Abokan wasana sun yi shekaru suna kallona ba su lura ba, domin rabinsu ma haka suke yi, tare muka koyi kuskuren. Wannan shi ne ainihin halin da kuke ciki. Mutum biyu suka koya wa bakwai, saboda haka duk wata gurguwar ɗabi'a da biyun suka ɗauko a Abuja yanzu ta zama ta mutum tara, kuma da yake da junanku kawai kuke karawa, babu wanda ke hukunta ku a kanta sai ranar gasa.

Koci nagari yakan fara da jiki. Zai duba yadda kake tsayuwa a bayan mafaka, ko nauyinka yana kan ƙafafu yadda za ka iya tashi nan take, ko ka manne da mafakar har ka rufe wa kanka gani. Sababbin 'yan wasa suna son mannewa saboda tsoro, alhali ja da baya kaɗan shi ke buɗe maka kusurwa ya bar bindiga a ɗage. Zai duba ko tukunyar iska tana kafe a kafaɗarka, ko gwiwoyin hannunka suna matse a jiki, ko kwandon ƙwaya da ke saman bindiga yana fita waje kafin idonka, domin a dokar gasa fentin da ya fashe a bindiga ko a kwando daidai yake da wanda ya fashe a ƙirji. Daga nan sai harbin leƙe, wato ka karkato daga ƙugu, ka saki ƙwaya ɗaya ko biyu, ka koma kafin ta abokin hamayya ta iso. Ƙwayar fenti tana da jinkiri idan aka kwatanta da abin da mutane ke zato, tana ɗaukar fiye da rabin daƙiƙa kafin ta ratsa fili daga ƙarshe zuwa ƙarshe, kuma ana ganinta tana tahowa. Wanda ya iya leƙe yana rayuwa ne a cikin wannan ɗan taƙin. Sannan zai tilasta maka harbi da hannun hagu. Na tabbata a cikin ku tara da wuya a sami uku da ke sauya hannu idan za su leƙa ta hagun mafaka, sauran suna fito da rabin jikinsu ne domin su yi harbi da dama. A ƙaramar gasa ma wannan kaɗai ya isa a fitar da ƙungiya a zagayen farko.

Sashe na biyu shi ne tashin farko, daƙiƙu biyar ɗin da ke biyo bayan busa. A gasar mutum biyar da biyar, yawancin maki tun a nan ake yanke su, domin ƙungiyar da ta rasa mutum ɗaya a tashi ta koma huɗu da biyar, kuma cike wannan giɓi yana da wuya. Wanda bai samu horo ba yana harbin mutumin da yake gani yana gudu, ƙwayarsa kuma kullum tana faɗawa a bayansa. Wanda ya samu horo yana datse hanya ne: ya san tazarar da mai gudu dole ya ratsa tsakanin mafaka biyu, sai ya zuba ƙwaya a jere a wannan gurbi tun kafin mutumin ya iso, shi da kansa zai shigo cikinta. Duk wanda ya taɓa bin mafarauta ya ga yadda ake jifan zomo da sanda a gaban inda zai bi ya san wannan hikima. Amma sanin ta a kai daban ne da iya ɗaga bindiga daga wurin tashi zuwa daidai gurbin cikin ƙiftawar ido, da sanin yawan ɗagawar da nisa ke bukata tunda ƙwaya tana lanƙwasowa ƙasa. Koci zai kafa abin auna a gurbin, ya sa ku maimaita har hannu ya haddace, sannan ya juya ya koya wa masu gudu yadda ake sunkuyawa, da harbi a guje, da zamewa a shiga mafaka ba tare da bindiga ta caki ƙasa ba.

Abin da na fi so in daɗe a kansa shi ne magana, domin a nan ne ƙungiyoyi irin taku suka fi asara, kuma a nan ne gyara ya fi arha. Ɗan wasan da ke kwance a mafakar gaba, musamman a dogon layin nan da ake kira maciji, kusan makaho ne, ba ya ganin komai sai abin da ke gabansa. Idanunsa su ne 'yan baya. Idan na baya bai gaya masa cewa akwai mutum a kusurwar dama yana jiran ya ɗago ba, zai ɗago a same shi. Ƙungiyoyin da suka ƙware suna ba kowace mafaka suna gajere, suna ƙidaya da babbar murya mutum nawa suka fitar da kuma nawa suka rage a nasu ɓangaren, kuma duk wanda ya ji kira yana maimaita shi domin ya ratsa fili daga wannan gefe zuwa wancan. Na sha tsayawa a matsayin alƙalin wasa in ga ƙungiya tana da mutum huɗu a kan ɗaya, amma ta zauna a ɓoye har lokaci ya ƙare, saboda babu wanda ya san sun fitar da huɗu. Koci zai gina muku wannan tsari cikin yini ɗaya, kuma ina ba ku shawara ku roƙe shi a gina shi da Hausa. Sunaye irin su rumbu, turmi, tsani, dutse, gajeru ne, suna fita da ƙarfi ta cikin garkuwar fuska, kuma bakin da ke cikin firgici yana komawa harshen da aka haife shi da shi ne. Idan kocin ba ya jin Hausa ba matsala, shi ya ba da tsarin, ku ku zuba kalmomin. Ƙari a kan haka, a gasar da za ku yi a Legas ko Abuja ba kowane abokin hamayya ne zai fahimci kiranku ba.

Akwai kuma karatun fili. A manyan gasanni ana fitar da taswirar yadda za a jera mafaka kafin ranar wasa, ƙungiyoyi su kafa irinta a gida su yi atisaye a kai. Filin gasa na ƙa'ida ƙafa 150 ne a tsawo da 120 a faɗi, kimanin mita 45 da 36, kuma ɓangarorinsa biyu madubin juna ne. Ƙwararru kafin su yi harbi ko ɗaya sukan zagaya filin a ƙafa, su durƙusa a bayan kowace mafaka su ga wace ce take gani, wace ce take ganinta, ina ne makafin wurare da za a bi a wuce ba a sani ba. Wannan ilimi ne da ake koya, kuma da wuya mutum ya ƙirƙiro shi da kansa. Ban san da me kuka yi mafakarku ba, amma a irin wurarenmu tsofaffin tayoyi da durom da buhunan yashi da dammunan kara ne suka fi samuwa, kuma sun wadatar matuƙar an jera su bisa awo. Ku auna filin da igiya tun kafin koci ya zo, domin idan naku ya fi na gasa girma ko ƙanƙanta, duk nisan da hannunku ya saba da shi zai yaudare ku.

Dokoki ma suna cikin abin da bita ke gyarawa, ko da yake ba za su ci fiye da awa ɗaya ba. Wanda ƙwaya ta fashe a jikinsa ya ci gaba da wasa, alƙali zai fitar da shi ya haɗa da abokinsa guda, laifin da ya fi girma kuwa, kamar goge fenti da gangan, yana cin mutane fiye da haka. Ƙungiyoyin da suka taso suna wasa tsakaninsu ba tare da alƙali ba sukan saba da yin jayayya ko jinkirin fita, sai ranar gasa a kwashe musu mutum uku a busa ɗaya.

Yanzu ga tambayarka ta asali, ko kwana biyu za su canza wani abu. Kwana biyu ba sa mayar da kowa gwani. Ka dubi 'yan dambe a ƙasarmu: yaro ba ya zama shago don ya kwana biyu a gidan babban ɗan dambe, sai ya bi ayari kaka bayan kaka, yana ɗaurin hannu yana shan bugu. Amma ka lura, babu kuma wanda ya zama shago ba tare da wani babba ya taɓa riƙe hannunsa ya gyara masa tsayuwa ba. Bita ita ce wannan riƙon hannu. Babban abin da za ku tashi da shi shi ne sanin yadda ake atisaye. Yawancin ƙungiyoyin da ba su da koci, abin da suke kira atisaye wasa ne kawai: a rabu biyu, a busa, a yi ta harbi har ƙwaya ta ƙare, a tafi gida. Wannan yana da daɗi, amma yana ƙara kafe ɗabi'ar da mutum yake da ita ne, mai kyau da marar kyau. Ƙungiyar Russian Legion ta birnin Mosko ta yi suna a duniya ne saboda ta ɗauki wasan kamar sauran wasannin motsa jiki, da koci da jadawali da maimaita abu ɗaya sau ɗaruruwa, har ta je Amurka ta kara da masu wasan a gidansu ta yi nasara. Abin da suka nuna shi ne gwaninta a wannan wasa ana gina ta ne gaɓa gaɓa.

Wannan yana da alaƙa kai tsaye da aljihunku. Kwali ɗaya ƙwaya 2000 ne. Idan mutum ya danne harbi a kan 10.5 a daƙiƙa, kwalin zai ƙare cikin minti uku da 'yan daƙiƙu, gorar ƙwaya mai cin 140 kuwa ba ta kai daƙiƙa goma sha huɗu. To sabuwar bindiga mai lantarki a hannun wanda bai iya ba, hanya ce ta ƙone kuɗin adashi da sauri. Atisayen da koci zai bar muku kuwa, da yawansa ƙwaya kaɗan yake ci: mutum biyu su fuskanci juna da ƙwaya ashirin kowanne suna harbin leƙe, ko a yi wasan da kowa ke da ƙwaya goma kacal, ko a yi atisayen tashi da zamewa da kira ba tare da ƙwaya ko ɗaya ba. Ga mutanen da sai an yo musu odar ƙwaya daga nesa, wannan kaɗai yana iya mayar da kuɗin bita cikin 'yan watanni.

Ina so in gargaɗe ku da abu guda domin kada ya karya muku gwiwa. Makonni biyu ko uku bayan bita, wasanku zai yi kamar ya lalace. Wanda aka sauya wa riƙo zai riƙa kuskure, wanda aka tilasta wa hannun hagu zai ji kamar bai taɓa riƙe bindiga ba, kuma za a sami mai cewa da ma an bar mu yadda muke. A wannan gaɓa ce ƙungiyoyi da yawa ke komawa gidan jiya, kuɗinsu ya tafi a banza. Tsohuwar ɗabi'a tana mutuwa ne kafin sabuwa ta tsaya da ƙafarta, kuma tsakanin biyun dole a yi rauni.

Game da wanda za ku ɗauko, kada suna ya ruɗe ku. Akwai manyan 'yan wasa irin su Ryan Greenspan na ƙungiyar San Diego Dynasty da suka shahara da zagaya ƙasashe suna ba da bita, amma kuɗin jirgi da masauki da ladan irinsu ya fi ƙarfin adashin mutum tara, kuma a matakin da kuke ba ku bukatar su. A tsarin gasar Amurka akwai rukuni daga na biyar zuwa na ɗaya, sannan na kusa da ƙwararru, sannan ƙwararru, kuma abin da ɗan rukuni na biyar yake bukata, ɗan rukuni na biyu mai haƙuri zai iya ba shi. Ku nemi wanda ya yi gasa ta ƙa'ida da gaske, a gida ko a waje, wanda kuma ya taɓa koyar da wasu. Iya wasa daban, iya koyarwa daban. Na taɓa biyan kuɗin wata bita wadda mai ba da ita gwani ne na gaske, amma ya tara mu fiye da talatin, ya yi rabin yini yana ba da labarin gasannin da ya ci yana sayar da riguna, kuma har aka tashi bai tsaya a bayana ya kalli harbina ko sau ɗaya ba. Har yau ina jin zafin wannan kuɗi. Saboda haka kafin ku biya, ku tambaye shi jadawalin kwana biyun awa bayan awa, ku tambaye shi ko zai kalli kowane mutum shi kaɗai, ku nemi lambar wata ƙungiya da ya taɓa horarwa ku ji ta bakinsu, ku kuma tura masa bidiyon wasanku tun da wuri. Wanda ya kalli bidiyon ya dawo muku da kurakurai uku takamaimai, ya cancanci a saurare shi. Wanda ya amsa da cewa zai mayar da ku zakaru, ku bar shi. Mutum tara adadi ne mai kyau ga koci ɗaya. Idan kuna son rage nauyin kuɗi za ku iya gayyato wasu kaɗan, amma kada ku wuce goma sha biyu zuwa sha biyar. Ku biya rabi kafin zuwa, rabi bayan an gama, kuma ku sa a cikin yarjejeniya cewa zai kalli bidiyonku sau biyu ko uku a watannin da za su biyo baya.

Lokaci ma yana da muhimmanci a ƙasarmu. Damina ba ta yiwuwa, kowa yana gona kuma laima tana kumbura ƙwaya, domin ɓawonta da sinadarin gelatin ake yi, mai shan danshi. Bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, zafin Jigawa yana haura digiri 40, mutum sanye da garkuwar fuska da riga mai kauri ba zai jure yini guda yana zamewa ba, ƙwayar ma tana laushi ta daina fashewa a jiki. Bayan kaka, cikin Disamba ko Janairu, shi ne daidai: an kwashe amfanin gona, akwai ɗan kuɗi a hannu, rana ba ta da zafi. Sai dai sanyin asuba na hunturu yana sa ƙwaya ta yi gautsi ta fashe a bututu, don haka a fara da atisayen da ba ya bukatar harbi har rana ta ɗaga. A ajiye kwalayen a ɗakin ƙasa mai sanyi, nesa da randa da kuma zafin rufin kwano, a riƙa juya ledojin lokaci lokaci. Filin kuma a tone tushiyar karan dawa da gero gaba ɗaya, a share ƙaya da ƙarangiya da tsakuwa, domin tushiyar kara tana iya huda gwiwar mai zamewa.

Iska ita ce matsalar da ke iya kashe bita tun kafin azahar. Tukunyar gasa tana ɗaukar matsin 4500 a ma'aunin psi, wasu 3000, kuma injin mai faci ba ya kai ko kusa da haka. Ku tabbatar da inda za ku cika tun da sauran mako biyu, ko injin matsa iska na musamman ko manyan tukwane da za a yo haya. Ina roƙonku da girman Allah kada wani ya kai tukunya wurin mai walda a cika ta da iskar oksijin, kada kuma a ɗiga mai a bakin da ake cikawa, domin duka biyun suna haddasa gobara da fashewa. Ku duba kwanan watan da ke jikin kowace tukunya, yawancinsu ana sake gwajin ƙarfinsu duk shekara biyar.

Sannan, tunda baƙo zai zo da kaya masu kama da makami, a kuma ji ƙarar harbi yini biyu a bayan gari a irin wannan zamani da muke ciki, ku je wurin mai unguwa da dagaci tare da kawunka mai filin, ku sanar da ofishin 'yan sanda na yankinku da 'yan sintiri a rubuce, ku gayyace su su zo su gani da idonsu. A ɗauko bindigogin a cikin jaka, an cire tukunya, an rufe baki. Yara za su taru, wannan babu makawa, don haka a ja igiya nesa da fili a sa babba ya tsare ta, a kuma tsayar da wasa duk sa'ad da makiyayi ko mai jaki zai gifta. Ƙwayar da ke barin ɗan kumburi a cinya tana iya tsiyayar da ido.

Idan kuɗin ya ragu bayan ladan koci da ƙwaya da iska, ku sayi na'urar auna gudun ƙwaya idan ba ku da ita, da sababbin gilasan garkuwa masu rufi biyu waɗanda ba sa hazo, da matashin gwiwa ga masu wasan gaba. Bindigogi su jira adashi na gaba, kuma a lokacin kocin ma zai gaya muku wanda a cikinku ya fi bukatar sabuwa.

Saura magana ɗaya, wadda ta shafi 'yan'uwanku biyu da suka kawo wasan garin. A bitar nan su ne za a fi yi wa gyara, domin kuskurensu ya fi daɗewa, kuma za a yi musu shi ne a gaban waɗanda suka koya wa, wataƙila har da ƙannensu. Wannan yana da nauyi a al'adarmu, kuma na ga ƙungiyar da ta watse a kansa. Ka same su kai da su tun kafin koci ya iso, ka nuna musu cewa ba don su ba da babu ƙungiyar, ka roƙe su su zama na farko da za su tsaya a gyara musu. Sannan ku damƙa musu littafin da za a rubuta atisayen da koci ya bari da kuskuren kowane mutum, su ne za su riƙa jagorantar awa ɗaya ta farko a kowane mako, kafin a raba ƙungiya a yi wasa. Bayan wata uku ku sake ɗaukar bidiyo daga wuri ɗaya da na farko, ku tura wa kocin, ni ma ku turo mini in gani. Allah Ya ba da sa'a, ka gaishe mini da kawu da sauran 'yan ƙungiya.